Telan Tutoci

Ni ne Anakleto, tela a bakin kasuwa,
a Zambales, inda teku ke lasar gindin kwakwa.
Tutoci uku sun bi ta ƙarƙashin allurata,
ba wadda ta tambayi sunana.

Ta farko ja da rawaya, ta Sifaniyawa.
Gadonta na yi, kamar ciwon baya.
Iska ta yaga, in ɗinke,
limamin coci ya biya rabi da kuɗi,
rabi da sa albarka.

Ta biyu da dare muka yi ta, ni da Sinforosa,
a hasken fitilar man kwakwa.
Shuɗin daga zanen aurenta aka yanko,
jan kuwa labulen wani attajiri ne da ya gudu Manila.
Rana ɗaya, taurari uku.
Na soke yatsa a kan tauraro na biyu,
ta ce, "Bar shi, tuta ba ta ƙin jini."

Sai ga jiragen ruwa masu baƙin hayaƙi.
Suka ce rabon faɗa ya kawo su.
Mai rabon faɗa kuwa ya samu wuri ya zauna,
ya tuɓe takalmi,
ya tambayi inda muke ajiye shinkafa.
Daga baya muka ji an yi ciniki a Faris:
dala miliyan ashirin,
tsibirai da duk abin da ke numfashi a kansu.
Na ɗauki alli, na raba a kan teburin yanka.
Kaina bai kai kuɗin gurguwar bauna ba.
Ashe muna barci aka sallama,
ko haƙoranmu ba a duba ba.

Ɗana Doroteo ya hau dutse da adda.
Wata goma sha ɗaya ina sauraron ƙofa.
Rigarsa kaɗai ta dawo.
Da ɗinkin wuya na gane ta, hannuna ne.
Huji biyu a ƙirji, ƙanana, tsaf,
irin waɗanda tela ba ya rufewa.

Jiya wani sojansu ya shigo, baƙi ƙirin,
dogo, sai da ya sunkuya a ƙofa.
Ya shimfiɗa tutarsu, bakinta ya zare.
Taurari arba'in da biyar. Na ƙirga, sana'a ce.
Na nuna su da tsinin allura, na nuna shi:
wanne ne naka?
Ya daɗe yana kallo.
Ya yi wata dariya da ba ta kai ido ba,
sannan ya kifa tutar, ya nuna mini bayanta,
inda ƙullin zare yake,
inda ba a kallo.

Na ɗinke ta. To, me zan ce?
Ɗinki mai kyau kuwa, hannu bai iya ƙarya ba,
yunwa kuma ba ta karanta tuta.
Ya biya, ya ƙara da gwangwanin nama.
Sinforosa ta tofar da yawu ta juya baya.
Can tsakar dare na ji tana fasa shi da wuƙa
saboda yarinya.

Yarinyar, jikata Makariya,
yanzu haruffansu take bitawa.
Ta san tuffa, ta san dusar ƙanƙara,
ga mangwaro na faɗowa a kan rufin makaranta,
tim,
ba a kai shafinsa ba tukuna.

Ta biyun tana nan.
Cikin matashin kaina take, tsakiyar audugar rimi.
Sau biyu suka birkice gidan nan,
ba wanda ya zargi wurin da tsoho ke zubar da miyau.
Kullum dare nakan ɗora kunne
a kan rana da taurari uku.
Ba ta cewa komai.
Ni ma haka.
Sai dai bakin matashin, ɗinkin wucin gadi na yi masa,
zare ɗaya, ba ƙulli,
na kuma koya wa Makariya inda ake ja.